Ƙwaryar Irin Kaka da Dinyar Gulbi

Talata: Mafara zuwa Bakura

Ƙarfe biyar da kwata Mama ta tashe ni. Na yi salla, na sha kunu a tsaye, na cusa kaya kala biyu a jakar makarantata. Kawu Bala, ƙanen Mama, yana ƙofar gida yana ta kiran sunana, wai zan sa mu rasa mota. Ya sa sabuwar hularsa mai ɗinkin hannu, shuɗiya da ratsin fari, kuma daga gida zuwa tasha sau huɗu na ga ya taɓa ta.

Aike ne ya fitar da mu. Kaka, mahaifiyarsu Mama, ta yi waya daga Bakura cewa a zo a ɗauki irin shinkafarta a kai wa Inna Saude, autarta, da ke wani ƙauye kusa da Faru, a ƙetaren gulbi. Ta ce Kawu ya yi rakiya, amma ni take so in riƙe, don tun ina ƙarama ban taɓa fasa mata ko ƙoƙo ba.

Ranar kasuwar garinmu ce, kowa shigowa yake yi, mu kaɗai ke neman fita. Sai bakwai saura motarmu ta cika. Mun wuce shinge biyu na jami'an tsaro. A kowanne direba kan rage rediyo, ya miƙa gaisuwa, a leƙo a dube mu, a ɗaga hannu. Gero ya kai ƙugu a gonaki, hanya duk ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Takwas da 'yan mintoci muka yi sallama a gidan Kaka.

Bayan mun ci tuwo da miyar yakuwa, ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado. Jar shinkafa ce mai gajeren ƙwaya, an cuɗa ta da toka saboda ƙwari. Ta ce da ita ta zo daga gidan uwarta, kuma duk shekara sai ta shuka. Bara ruwa ya cinye mata fadamar, ga gwiwa ta hana ta sunkuyo. Maƙwabta duk sun koma sabon iri. Abin da ya rage a duniya, in ji ta, shi ne wannan tiya ɗaya da rabi, kuma in aka wuce makon nan ba a zuba shi a ƙasa ba, damina ta yi nisa.

"Hajiya, mu juye shi cikin leda mana," in ji Kawu. "Ya fi sauƙin ɗauka."

"Leda ta sa shi zufa ya mutu? Kai dai ɗauki hulakka. Kulu, taho nan."

Ta juye shi a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗaure da tsohon ɗankwalinta ƙulli uku. Sannan ta ɗora mini a cinya, ta dube ni.

"Ba ki magana, amma kina gani. Ki gani da kyau."

Na ce to. Shi ke nan abin da na iya cewa.

Laraba: Bakura zuwa bakin gulbi

Bakwai daidai muka bar Bakura. Mun koma Mafara muka canja mota, ba mu ko leƙa gida ba. Ƙwaryar tana cinyata. Kwandasta ya ce in kawo a sa a but, na girgiza kai. Ya sake cewa, na sake girgizawa.

"Zinari ne ciki, 'yan mata?"

"Ya fi zinari," Kawu ya amsa mini. "In ya zube, ni da gidan uwata sai a lahira."

Goma da rabi muka sauka a Maradun. Kawu ya saya mana fura da nono a wajen wata Bafullatana mai 'yan kunne har biyar a kunne ɗaya. Daga nan babur ne, tafiyar kamar minti arba'in a kan hanyar shanu. Duk inda muka faɗa rami sai in ɗaga ƙwaryar sama, har hannuwana suka yi tsami.

Sha biyu saura muka iso mashigi. Mai kwalekwalen, Malam Ummaru, ya tafi gaisuwar rasuwa, sai la'asar zai dawo. Matarsa muka tarar, wata dattijuwa tana banda kifi a gindin giginya. Kawu ya duba sama, ya ga hadari na haɗuwa daga gabas, ya ce ba za mu jira ba.

"Baba, ki ba ni jirgin. A bakin gulbi aka haife ni, a Bakura."

"Awo. Ka dai san alamun hanya ko?"

"Tun ba a haifi ɗiyag ga ba."

Ta dube shi, ta dubi hular, ta nuna mana kwalekwale da haɓa. Filafilin tuƙi biyu ne a ciki da wani gwangwanin kwashe ruwa.

Cikin ruwa

Gaskiya Kawu ya iya tuƙi. Na zauna a ƙasan jirgin daga gaba, na sa ƙwaryar tsakanin gwiwoyina. A wannan wurin gulbin ya baje, ruwan ya kwanta, ganyen bado ya rufe shi kamar an shimfiɗa tabarma. A tsakiya akwai ɗan tsibiri na doguwar ciyawa. Ta hagunsa wata siririyar kafa ce ta ruwa, kuma a bakinta an ɗaɗɗaura jajayen tsummoki a kan kara.

"Kin gani?" in ji Kawu. "Haka masunta ke yi. Inda aka ɗaura tsumma nan ne zurfi, nan ne hanya."

Na dubi kafar. Ganyen badon cikinta ko ɗaya bai yage ba, har furanni sun buɗe a tsakiya. Can ta dama kuwa, inda ya fi nisa, ga layi fili inda jirage suka saba ratsawa. Na kuma hango masunta biyu a nesa suna ɗaga mana hannu da ƙarfi. Kawu ya ɗaga musu shi ma, ya ce mutanen nan akwai son gaisuwa.

Maganar ta zo mini har baki. Amma a gidanmu ba a gyara wa kawu zance, ni kuwa ko a aji in Malama ta kira sunana murya guduwa take yi. Na haɗiye. Muka shiga kafar.

Ba mu yi tsawon jirgi uku ba sai ciyawa ta dare, wani ƙaton tsuntsu ya fito. Na taɓa ganin dinya, agwagwar dajin nan, tana shawagi a sama, ban san haka girmanta yake ba. Wannan namiji ne, bayansa baƙi mai sheƙin kore, cikinsa fari, fuskarsa ja kamar an shafa barkono. Ya miƙe wuya a kan ruwa, ya buɗe fukafukai, ya taho a guje yana taka ruwan. A gwiwar kowane fiffike akwai wata ƙaya mai kauri kamar yatsa. Da ita ya doki gefen jirgin, na ji ƙarar kamar an saki taɓarya a turmi.

"Kai! Kai! Tahi can!" Kawu ya miƙe tsaye, ya ɗaga filafili.

Ɗagawar ce ta ƙara tunzura shi. Ya yi tsalle ya kai wa Kawu duka a kafaɗa, hula ta yi sama ta faɗa cikin bado. Jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ya jiƙa mini zane. Na ɗaga ƙwaryar na rungume ta a ƙirji, na ja hijabina na rufe.

"Kulu! Kwance ki watsa mai shinkafan nan, ya ƙyale mu!"

Na ƙara ƙanƙame ta. Na sunkuyar da kai don kada fiffike ya same ni a ido, kuma a sunkuyen ne na gan su. 'Yan tsaki uku, launin ƙasa-ƙasa, sun maƙale tsakanin cikin jirginmu da ciyawa, suna ta kuka siriri. Uwarsu tana ɗaya gefen tare da sauran, tana kai da kawowa. Ashe tsakiyarsu muka ratsa. Duk lokacin da Kawu ya tura jirgin gaba don mu tsere, ƙara jan 'ya'yan yake yi nesa da ita. Ba abinci uban yake so ba.

Jirgin ya sake karkata. Na ji irin ya zame gefe guda a cikin ƙwarya.

"Kawu! Aje filafilin nan! Zauna!"

Ni kaina na tsorata da muryar. Kawu ya dube ni baki buɗe, sai kawai ya zauna daɓas.

"'Ya'yansa ne a nan. Baya za mu yi. A hankali."

Na matse ƙwaryar da gwiwoyi, na ɗauki filafili na biyu. Ban iya tuƙi ba, amma na iya turawa. Na kafa shi a saiwar ciyawa na tura, Kawu kuma ya riƙa jan ruwa ta baya, kansa a ƙasa, ba ya ɗaga filafilin sama da gefen jirgi. Namijin ya ƙara dukan katako sau biyu. Muka ci gaba da ja. Da goshin jirgin ya ba da fili, 'yan tsakin suka jera, ɗaya bayan ɗaya, suka wuce wajen uwarsu. Uban ya raka mu har bakin tsummokan yana huci. Daidai nan ya tsaya, ya karkaɗe jiki, ya juya.

Kawu ya daɗe yana kallon hularsa tana lilo a cikin bado.

"Bar mai ita," ya ce a hankali, kamar ni ce na ce a koma.

Masuntan nan suka iso suna dariya har ɗaya na riƙe ciki. Bayan an gaisa, babbansu ya ce, "Malam, ba ka ga jan tsumma ba?"

"Na gani. A Bakura tsumma hanya ne."

"To nan ba Bakura ba ne. Nan in dinya ta yi sheƙa muka ɗaura shi, kowa ya kewaye." Ya naɗe hannun riga ya nuna mana wani tsohon tabo. Kawu ya tambaye shi me ya hana su kashe shi su huta. Ya ce inda dinya ke tsaro ba mai jefa taru, nan kifi ke samun zuba ƙwai, in ta tashi da 'ya'yanta bayan damina su suke cin riba. Sannan ya dube ni. "Ke ce mai tsawan nan? Har can mun ka ji."

Na ja hijabi na rufe rabin fuska.

Sun raka mu ta doguwar hanya. Ƙarfe ɗaya da minti goma muka taka ƙasa, yayyafi na farawa, masuntan kuma suka mayar wa mai kwalekwalen da abinsa.

Ƙauyen su Inna Saude

Inna Saude ba ta ko bari mun gama gaisawa ba ta kwance ƙullin nan uku. Ɗankwalin ya jiƙe, faifan ma ya jiƙe, amma da ta tura hannu cikin irin sai toka ta tashi a bushe. Ta ɗebo kaɗan ta shinshina, ta ce ƙanshin ɗakin Kaka. Ta dama mana fura, ta gasa wa Kawu kafaɗa da ruwan zafi. Kafin la'asar ya ba maƙwabta labarin sau uku, kuma a na ukun dinyar ta kai girman maraƙi.

Alhamis: komawa gida

Da hantsi muka shiga fadama da Inna Saude. Ta riga ta gyara ɗan fili mai laka, ta ce in fara watsa hannun farko tunda ni na kawo. Tara da rabi Malam Ummaru ya zo da kansa ya ɗauke mu. Da muka zo daidai tsibirin, ta hanyar dama, ya rage tuƙi ya nuna da baki. Hular Kawu ta maƙale a ciyawa, bakinta sama, ɗan tsako ɗaya yana zaune a ciki.

"Ɗinkin hannu ce fa," in ji Kawu. Malam Ummaru ya ce ai ga shi an san darajarta.

Babur zuwa Maradun, mota zuwa Mafara, shinge ɗaya. Uku da minti arba'in muka shiga gida. Kawu bai ko zauna ba ya ce, "Yaya, ɗiyarki ta daka mini tsawa a tsakiyar gulbi."

Na ji kamar in shige bayan randa. Mama ta dube ni, ta dube shi.

"Kulu? To kai ka ji?"

"Na ji mana. Da ban ji ba, da yanzu kifi ka cin irin Hajiya."

Da na zo wanke zanena, na tarar da ƙwaya tara na jar shinkafa sun maƙale a kalmasar bakinsa, tun daga fadama. Na zuba laka a tsohuwar robar fenti na shuka su a bayan madafa. Yau kwana goma sha ɗaya, bakwai sun fito, kuma Inna Saude ta yi waya ta ce nata filin ya yi kore shar.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa masuntan da ban tambayi sunansu ba, da Kawu Bala da ya zauna lokacin da na ce ya zauna. Kaka kuwa, da na kira ta na ba ta labarin da bakina tun daga farko har ƙarshe, sai ta ce, "Ashe kina da murya. To ki riƙa ba robar nan ruwa."