Yadda Kakata Ta Shiga Jirgin Sawakin

Lokacin da nake koyarwa a makarantar 'yan mata a Gadarif, wata abokiyar aikina ta ara mini wani ɗan littafi na Larabci. Wanda ya rubuta shi Bahaushe ne, tsohon malamin makaranta a Ƙala'at an-Nahal. Labarin wata mata ne da ta taso daga yamma a ƙafa, tana yada zango ta yi noma ta sake tashi, har ta isa Sawakin, ta shiga jirgin ruwa, ta sauke farali.

Inna, mahaifiyata, ba ta iya karatu ba, don haka bayan la'asar nakan karanta mata ina juyawa da Hausa, ita kuma tana tsintar riɗi a faifai. Ranar da matar ta hango Ka'aba, Inna ta ajiye faifan ta share ido da gefen mayafi. Ita ma mahaifiyarta da wannan niyya ta baro gida. Ta tsaya a Gadarif don ta yi damina ɗaya, kuma a nan aka binne ta.

"Ki kai ni wurin mutumin nan," in ji Inna. "Ina da tambaya."

Da aka gama yankan riɗi muka hau lori. Mun same shi a ƙarƙashin rumfar kara, zaune kan angarib, gadon igiya, yanar ido ta rufe masa gani. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma ta ɗora jabana, tukunyar gahawa, a wuta. Ni na zo da tambayoyina na malamai, na fara da dalilin da ya sa ya yi rubutu da Larabci.

"Da shi aka koya mini riƙe alƙalami, 'yata," ya ce. "Amma da Hausa nake jin muryarta, sai in juya. Wani abin yakan zube a hanya."

Inna ta gaji da jira. "Ustaz, matar nan, da ta dawo ina ta zauna? Tana da jikoki? Ina so in gaishe su."

Matarsa ta ɗago kai daga murhu, shi kuma ya juya wajen Inna ya ce:

"Hajja, ba ta dawo ba, don ba ta je ba. Mahaifiyata ce. A Fau ta rasu, tana aikin gona. Tun ina yaro take cewa baɗi za mu tashi. Da na girma ban samu ikon kai ta ba, sai na kai ta a takarda."

Na ji tsoron kada Inna ta ce an yaudare ta. Sai ta gyara zama ta ce, "Ni ma Hajjar suna ce kawai. To, ya Ustaz, jirgin nan naka ya cika ne? Akwai tawa uwar."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce idonsa ya ƙi, amma idan zan riƙe alƙalami, wuri bai ƙare ba. Ya tambayi Inna kamannin kakata. Ta ce gajera ce, mai saurin fushi da saurin hucewa, ba ta shan shayi sai ya huce sarai, kuma tana tsoron ruwa, ko khor, wato rafi, ba ta tsallakawa idan ya kawo.

"Kwayyis, madalla," ya ce. "To tawa za ta riƙe mata hannu a kan tsani."

Ya faɗa, na rubuta. Wannan karon da Hausa ya faɗa, ni kuma na sa shi da haruffan Larabci. Mata biyu suka haɗu a bakin teku, suka gane juna da gaisuwa, gajerar tana ta mita cewa katakon yana rawa. Inna ta katse shi ta ce mahaifiyarta ba za ta ce katako ba, za ta ce wannan tarkacen. Ya ce a gyara.

Sai da muka ci kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa suka bar mu muka tafi. Ya rako mu har ƙofar gida, hannunsa a kafaɗar matarsa.

Ya rasu da damina ta zagayo, ba a buga shafin ba. Inna ta sa na sake kai ta ta'aziyya, ta zauna da matarsa har aka share makoki.