Malam Sada da Karen da Soja Suka Bari

Har yau in aka ambaci Malam Sada a wurin mai shayin unguwarmu ta Kambarawa, sai wani ya ce, "Wanne? Wanda ya faɗo daga teburin karnuka?" To shi ne. Dattijo da furfurarsa ya tuɓe takalmi, ya hau teburin da ake kwantar da marasa lafiya a asibitin dabbobi, ya miƙe ya ce a duba shi. Teburin kuwa ba don ɗan Adam aka ƙera shi ba. Ƙafar teburin ɗaya ta lanƙwashe, Malam Sada ya gangaro ƙasa, hularsa ta mirgina har bakin ƙofa. Masu awakin da ke jiran layi ne suka kawo mana labarin, tun kafin shi ya iso gida.

Mutumin wani ƙauye ne can wajen Rimi. Fari ya koro shi birni, ya kama aikin gadi a GRA, masu gida na sauyawa shi yana nan bakin ƙofa. Na ƙarshensu wani Manjo ne mai ƙaton kare da ake kira Saje. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Manjo ya loda komai a mota, har tukwanen fulawa, ya ce zai aiko a ɗauki karen. Bai aiko ba. Ɗan siyasar da aka ba gidan ya zo da maigadinsa, ya kuma ce ba ya zama gida ɗaya da kare. Rana ɗaya aka sallame su su biyu.

Haka suka iso mana. Malam Sada ya kama ɗaki, ya yi wa Saje rumfar langa-langa a baya, ya ware masa kwanonsa. Maƙwabta suka yi ƙorafi har suka gaji. Mu kuma muka samu abin tsokana.

"Malam Sada, ina kwanan Saje? An fara biyan shi fanshon?"

"Ni ma ba a biya ni ba, bare shi," in ji shi, yana wanke hannu da sabulu kafin alwala.

Ba shi da kowa a birnin nan. In ya dawo daga sabon gadinsa na wani shago, da karen yake hira.

Sai wani kumburi ya fito wa Saje a ƙasan ciki. Malam Sada ya je shi kaɗai ya yi wa likitan dabbobi, Dakta Shehu, bayani. Likita ya ce a kawo shi da wuri, irin wannan ba ya jira. Nan fa matsalar take. Da sun doshi titin asibitin, warin magani ya bugi hancinsa, sai Saje ya kwanta ƙasa yana karkarwa, ya saki fitsari. Zamanin Manjo, sojoji ne ke ɗaure masa baki da igiya, su jefa shi bayan mota, su danne shi har a gama allura. Bai manta ba.

Ma'aikatan asibitin suka ce ai abu mai sauƙi ne, a ɗaure shi a kawo. Malam Sada ya girgiza kai.

"Ɗaurin da aka yi mashi ya isa. Mi ya yi? Wurin nan bai san shi ba sai ran wuya. Ku bari in riƙa kawo shi gaisuwa."

Gaisuwar kuwa ta gaske ya nufa. Kullum da hantsi sai su kama hanya a ƙasa, don ba ɗan acaɓan da zai ɗauke su. Da farko a gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, suke tsayawa, nesa da ƙofa. Ya shimfiɗa tsohon buhun da Saje ke kwana a kai, ya ba shi guntun balangu, su juyo gida ba allura ba komai. Sannu a hankali suka matso da buhun. Ya roƙi Dakta Shehu ya riƙa cire farar rigarsa in zai fito. Likita ya durƙusa, Malam Sada ya ja gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya masu jiki, har sai karen ya daina haki ya shinshina hannun likita.

"Baba, kwanaki na tafiya," in ji Dakta Shehu.

"Na sani, likita. Ya kusa."

Kumburin kuwa yana ƙaruwa. Saje ya fara barin abinci a kwano.

Suka iso baranda, suka iso bakin ƙofar ɗakin, nan kuma Saje ya kafe. Teburin yake kallo. Shi ne Malam Sada ya ce bari ya hau da kansa, karen ya gani da idonsa ba a mutuwa a kai. Abin da masu awaki ba su faɗa mana ba, don dariya ta hana su lura, shi ne da ya faɗo, Saje ya ruga cikin ɗakin da bai taɓa shiga da ƙafarsa ba, ya tsaya kansa yana kuka. A nan ƙasa, bisa buhun, likita ya duba Saje.

Ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago sai ya ce abin ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba. Malam Sada ya tambaye shi, da an ɗauro shi tun farko fa? Dakta Shehu ya ce Allah ne masani.

Suka ci gaba da zuwa, ana ba shi maganin rage ciwo. Da tafiya ta gagari Saje, a baro yake tura shi. Ran da ciwon ya kai ko ruwa ba ya iya sha, likita ya yi masa allurar da ba a tashi. Malam Sada ya binne shi a wani fili bayan gari, ya dawo da baro ba kowa a ciki. Ranar ko ɗayanmu bai tsokane shi ba.

Amma baki ba ya haƙuri. Da aka kwana biyu, ya zo shan shayi yana dafa ƙugu, sai na ce, "Malam Sada, har yanzu teburin Saje bai sake ka ba?"

Aka yi dariya. Shi ma ya murmusa, ya hura shayinsa.

"Ku yi ta yi," ya ce. "Amma ran allurar ƙarshe ba wanda ya riƙe shi. Da ya ga likita har wutsiya ya kaɗa. Ya ɗauka gaisuwa muka zo."