Ranar da Kakana Ya Ari Numfashina

Shekaranjiya na jiƙa sabon turmi a bayan ɗaki don kada ya tsage. Da na zo zubar da ruwan, sai warin jiƙaƙƙen itace ya bugi hancina, irin warin nan mai ɗaci-ɗaci da ke haɗe da na laka. Ban san lokacin da na ɗauke numfashi ba. Ina tsaye riƙe da bakin turmi, ƙirjina ya cika fam, sai da 'yata ta ce, “Umma, lafiya?” sannan na sauke shi. Na ce mata lafiya lau, amma ina! Ni a lokacin na riga na koma bakin kogi, ina yarinya, ƙafafuna a cikin taɓo, ina kallon wata siririyar igiya da ta shige cikin jan ruwa.

Bari in ba ka labarin tun daga tushe, domin in ba a gidan masunta ka tashi ba, cewa za ka yi tatsuniya nake yi maka.

A Gangaren Tudu aka haife ni, a gidan kakana na wajen uba. Maƙwabtanmu 'yan kasuwa ne da malamai da ma'aikatan gwamnati, mu kaɗai ne zaurenmu ke ƙarnin kifi, har yaran unguwa suna tsokanata wai kuliyoyi na bina makaranta. Kakana masunci ne, gajere, baƙi, mai taurin kan tsiya. Matarsa, wato kakata, Iya muke ce mata. Dukiyarsa kaf a duniya kwalekwale ne guda na maɗaci, wanda mahaifinsa ya sassaƙa daga gungume ɗaya. Can ƙasa da gari yake ajiye shi, inda kogin Antau ya lanƙwasa ya yi wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa ko da rani. Yakan shafa gefensa ya ce yanzu ko za ka zaga dajin ƙasar nan duka ba za ka sami maɗacin da zai ba ka irinsa ba.

To, akwai abin da masunta ke yi wanda baƙo zai ɗauka hauka ne. Idan bazara ta kama, rana ta fara gasa duniya, ba a barin kwalekwale a tudu, don tsagewa yake yi. Nutsar da shi ake yi da gangan. Kakana zai cika shi da duwatsu a gefen gurbin, jirgin ya kwanta a ƙasan ruwa cikin sanyi har zafi ya wuce. Shamuwa ce agogonsa. Ranar da ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gidanmu, washegari zai je ya kwashe duwatsun, jirgi ya taso kafin ruwan farko. Haka ubansa ya yi, haka shi ma yake yi, kuma shamuwa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Sai a wannan shekarar ruwa ya riga shamuwa. Mu a gari ko ɗigo ba mu gani ba, sama fes. Ashe can kan duwatsun arewa an kwana ana zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya taso da fushinsa, ya ja jirgin daga gefe ya kai shi tsakiyar gurbi, ya binne rabinsa da yashi, sannan ya ɗora masa wata tsohuwar bishiya da ya tumɓuko da saiwarta. Da kakana ya dawo daga dubawa bai ci tuwo ba. Ya ce in aka bari ruwa na biyu ya zo, yashi zai rufe shi gaba ɗaya, shi da jirginsa sai dai a lahira.

Babana ya roƙe shi ya haƙura. Kakana ya ji, ya gyaɗa kai, ya bari sai da babana ya hau motar zuwa aiki da sassafe, sannan ya ɗauko igiyoyinsa. Ya leƙo ɗaki ya ce mini, “Amarya, taso ki riƙe mini tulu.” Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika.

Igiya biyu ce. Ɗaya kakkaura ta rama, wadda za a zura a hujin da ke hancin jirgi. Ɗayan bakinta an ɗaure shi a karkiyar shanun huɗa biyu da wani Bafulatani, tsohon abokin kakana, ya koro daga rugarsu don su ja. Ɗaya igiyar kuwa siririya ce, ita ake ɗaura wa mai nutso a ƙugu. Ita wannan ba kowa ake ba ya riƙe ba. Tun ranar da aka kawo Iya gidan, ita ke riƙe ta. Ga yadda suke yi: da zarar kansa ya shige ruwa, ita ma sai ta ɗauke numfashinta a nan tudu. Duk abin da ƙirjinsa ke ji a ƙasa, nata na ji a sama. Lokacin da ta kasa daurewa, sai ta ja igiya, ya gama ko bai gama ba. Babu agogo, babu ƙirge, ƙirjin Iya shi ne ma'auni.

Ruwan ranar ja ne wur, ba ka ganin ko tafin hannunka a ciki. Kumfa da karare da busasshen ganye sai wucewa suke yi. Can arewa kuma hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin, Bafulatanin nan sai waiwayensa yake yi yana jan tsaki. Ni dai tsoro ya kama ni tun kafin a fara. Wannan gurbin shi ne wanda ake hana mu wanka a ciki, ana ce mana akwai masu shi.

Kakana ya yi bismilla ya shige. Ya yi ta shiga yana fita, yana ture duwatsu, yana yaƙutar yashi da fasasshiyar tasa. Duk fitowa idanunsa sun ƙara ja, leɓɓansa sun ƙara fari. Har rana ta take tsaka. Saura abu ɗaya, shi ne mafi wuya: ya kutsa ta ƙarƙashin rassan bishiyar, ya lalubo hujin hancin jirgi, ya zura kakkaurar igiya ya ƙulla.

A nan matsala ta taso. Iya ta daɗe tana fama da ciwon fuka, numfashinta ya gajarta. Ya shiga, kafin ya kai ga hujin ta jawo shi. Ya sake shiga, ta sake jawo shi. Karo na gaba ya fito yana huci, ya doki ruwa da tafin hannu.

“Haba! Sai na kama hancinsa sai ki fizge ni? Numfashinki ne ya ƙare, ba nawa ba!”

Iya ta ce, “Malam, abin da ƙirjina ya gaya mini shi nake yi.”

Sai ya juyo kaina. Ya san ni sarai, duk yaran da muke wanka a mashaya babu mai kai ni daɗewa a ƙarƙashin ruwa, har maza. Ya ce, “Amarya, ara mini numfashinki. Ke kuma riƙe igiyarki, amma kada ki ja sai yarinyar nan ta sauke.”

Iya ta buɗe baki za ta yi magana, aka yi wata tsawa can nesa, sai ta gyara riƙon igiyarta. Ni kuwa, in gaya maka gaskiya, tsorona ya gauraya da jin daɗi. Aikin da aka san Iya da shi tun kafin a haifi babana, yau ni aka ba. Na cika ƙirjina da iska har haƙarƙarina suka yi zafi, kansa ya ɓace, na rufe baki.

Da farko siririyar igiyar tana ta zarewa daga hannun Iya, tana ɗan rawa, alamar yana motsi. Na ƙura mata ido. Kunnuwana suka fara ƙara. Na ce a raina ba zan ba kakana kunya ba, sai ya ƙulla. Can sai igiyar ta daina rawa. Na ɗauka ya isa wurin ne yana aiki. Wasu 'yan kumfa suka taso a tsakiyar gurbi, manya-manya, suka fashe. Ni har lokacin da sauran iska a ƙirjina, wallahi da saura. Babu wanda ya tuna, har shi kansa, cewa ƙirjin yarinya 'yar shekara goma da 'yan kai ba ɗaya yake da na tsohon da ya wuni yana nutso ba.

Iya ba ta jira ni ba. Ashe duk da an karɓe mata aikin, ita ma ta ɗauke nata numfashin a ɓoye, ta daure iya daurewa har ta wuce inda ta saba. Na ji ta saki wani nishi mai kama da kukan ƙofa, ta fizgi igiya. Igiya ta ƙi zuwa. Ta sake ja da dukkan ƙarfinta, ni ma na kama muka ja tare, kamar an ɗaure ta a gindin dutse. Ta sarƙe a rassan bishiyar, kakana kuma yana can a ƙarshenta.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!” Abin da Bafulatanin ke ta maimaitawa ke nan, yana kai da komo a bakin ruwa, don shi ko kusa bai iya iyo ba. Ni kuwa ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma har yau ban sake ji ba.

Iya ta saki siririyar a hannuna, ta rarrafa ta cafki kakkaurar igiya ta girgiza ta. Ta ji ta da nauyi, ba ta biyo hannu ba. Ya ƙulla ke nan. Ta ɗago ta daka wa Bafulatanin tsawa, ita da ko ɗaga murya ba ta yi a gaban baƙo: “Kora shanun! Kora su!”

Ya ce, “In jirgin ya danne shi fa?”

“Kora, na ce!”

Ya zabga musu sanda. Shanun suka sunkuyar da kai, kofatansu na zamewa a taɓo, igiya ta miƙe tana ɗigar da ruwa tana ƙara kamar za ta tsinke. Shiru, babu abin da ya motsa. Sai can ƙasa muka ji wani gurnani, ruwa ya yamutse ya yi baƙi, saiwar bishiyar ta ɗago sama ta juya a hankali ta kife gefe. A take igiyar da ke hannuna ta yi sako-sako. Muka ja, ni da Iya, muna faɗuwa muna tashi, har farin gashin kansa ya bayyana.

Kamar tsumma muka jawo shi tudu. Bafulatanin ya kifa shi a kan cinyarsa yana danna bayansa, Iya na kiran sunan Allah a kunnensa, ni ina riƙe da ƙafarsa mai sanyi kamar ƙanƙara. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sai dai ya yi wani tari, jan ruwa ya ɓulɓulo ta baki da hanci, ya ja iska da ƙyar. A bayanmu kuma shanu sun riga sun fito da jirgin, yana kwance a gefe, laka na zuba daga cikinsa, wannan wari na jiƙaƙƙen maɗaci ya cika wurin.

Da ya buɗe ido, ka san abin da ya fara cewa? “Jirgin fa?”

Iya ta ce, “Ga shi can. Tashi ka aure shi.” Sannan ta fashe da kuka.

Ya daɗe yana kallonta, ƙirjinsa na hawa da sauka, nata ma haka, kowanne na fitar da 'yar ƙara iri ɗaya. Ya miƙa hannu ya dafa nata. A hankali ya ce, “Ashe tare muka tsufa.” Kafin mu isa gida ruwan sama ya sauko, ya yi mana dukan tsiya. Kwana kaɗan bayan haka shamuwa ta sauka a kan tsamiya abinta, kamar ba ta yi laifin komai ba.

Bai sake nutso ba. Iya ta kwance igiyar daga ƙugunsa ta mayar da ita igiyar shanya. Ya rayu shekaru bayan nan, har ya ga aurena. Ranar da zai cika, da la'asar ne, ina zaune a bakin gado. Numfashinsa yana zuwa yana ɗaukewa, Iya na riƙe da hannunsa. Sai na lura duk lokacin da nasa ya ɗauke, ita ma tana ɗauke nata. A na ƙarshe ta daure, ta daure, har jijiyoyin wuyanta suka fito, sannan ta ja hannunsa da ƙarfi zuwa ƙirjinta. Wannan karon bai taso ba.

Yanzu in ka je wurin ba za ka gane shi ba. Masu tifa sun kwashe yashin, gidajen haya na ɗalibai sun kai har bakin gaɓa, ledoji sun fi kifi yawa. An sare tsamiyar an yi shago, ban san inda shamuwa ke sauka ba. Jirgin yana nan a tsohon gidanmu, awaki ke cin dusa a cikinsa, rana ta tsaga shi tun daga hanci har gindi.

Amma abin bai bar jikina ba. In 'yata ta tsoma kai a baho tana wasa, sai in tsinci kaina na ɗauke numfashi, kafin ta ankara na cafko ta. Takan yi fushi ta ce, “Umma, ai ban gaji ba!” Na sani. Ni ce na gaji. Numfashina ya gajarta yanzu, kamar na Iya, kuma ban taɓa roƙon Allah Ya ƙara mini tsawonsa ba.