Asibiti, Masaukin Baƙi

Daminar da ƙafafun mahaifina suka kumbura, ya ƙi zuwa asibiti. Mai ɗinkin hannu ne a Ƙofar Gayan, ya tsufa a kan allura da zare, kuma magana ɗaya ya riƙe: duk tsohon da aka fitar bayan ganuwa a mota, gawarsa ake dawowa da ita.

Na bi abin daki-daki. Da farko na roƙe shi da kaina. Sannan na tura ƙanensa, sannan liman. Kumburin kuwa ya haura gwiwa, in ka danna da yatsa ramin ba ya cikewa. Daga ƙarshe na je Wusasa na ɗauko wani tsohon malamin makaranta, Kirista, wanda Baba ya daɗe yana yi wa riguna.

Malamin ya sami Baba kishingiɗe a zaure.

"Sarkin allura, yau kai ne a ƙasa?"

"Ɗan boko, kai aka turo ka ja ni mayanka?"

"Wace mayanka? Ka ma san asalin kalmar asibiti? Wajen Ingilishi muka aro ta, su ma aro suka yi. Faransawa na da ita, haka mutanen Italiya da Sifen, kowa da lanƙwasar harshensa. Uwarsu ɗaya, harshen Rumawan da. Can asali masaukin baƙi ne, inda matafiyi ke samun ruwa da shimfiɗa. Zaure ne kamar naka."

Baba ya kalli hadarin da ke haɗuwa ta gabas.

"Baƙo ka ce? To, baƙo raɓa ne. A nemo mota."

Malamin ya yi dariya, ya ɗauka ya ci nasara. Ni kuwa na gane ban kwana Baba ke yi.

Washegari Baba ya sa aka yi masa aski. Ya kira ƙanensa ya miƙa masa babbar rigar da ya kai rabin aikin wuyanta, allurar na soke a jiki, abin da bai taɓa barin wani ya taɓa ba. Sannan na riƙe shi muka bi maƙwabta, na dama, na hagu, na bayan gida, kowa ya ce masa, "A yafe ni." Da tasi ta fita ƙofar gari, bai waiwaya ba.

Rigar, ƙanen nasa ne ya ƙarasa ta.