Farar Ƙwaya a Cikin Laya

A shekarar da aka sauke tutar Faransa a Damagaram, tari mai ciwon ƙirji ya kama maigidana, wanda baduku ne a unguwar Birni. Lokotoro ya rubuta masa wasu fararen ƙwayoyi, ya ce ya sha har su ƙare.

Ba a daɗe ba ƙuraje suka feso masa tun daga wuya har tafin ƙafa. Surukata har da guɗa. A wurinmu in ƙyanda ta kama yaro, fitowar ƙuraje ake roƙo, don ciwon da ya kwanta ciki shi ke kisa. Ta ce, "Alhamdu lillahi, magani ya koro ciwon waje. A ci gaba da ba shi."

Ni kuwa ni ke zubar da fitsarinsa, na ga ya koma kamar ruwan jima. Idonsa ya yi rawaya, leɓɓansa suka ɗaye, ko kunu ba ya wucewa. Duk sa'ad da ya haɗiyi ƙwayar sai jikin ya ƙara rikicewa. Tsoro ya kama ni, haushi ya biyo baya.

Na ce, "Inna, maganin nan ne ke cin sa."

"Ke 'yar nan, kin fi lokotoro ne? Miƙo mini!"

Ban taɓa yi mata musu ba. Ran nan na ƙulle ƙwayoyin a bakin zanena, na ce ba zan bayar ba ko da igiyar aurena za ta tsinke. Ta kira ni mai taurin kai, ba ta kuwa yi ƙarya ba. Na nemo amalanke na kai shi likita, wato asibiti, fatar bayansa na mannewa a tabarma.

Lokotoro ya ce jininsa ne bai karɓi maganin ba, har ya taɓa hanta da ƙoda, in ya sake sha sai dai gawa. Inna ta zube ƙasa tana kuka, don da hannunta ta yi ta ba shi.

Ya tashi, amma idanunsa sun bushe, ganinsa ya ragu. Na ajiye ƙwaya ɗaya, na sa ya ɗinka mata laya mai buɗewa. Da lalube ya ɗinka, Inna ce ta ɗaura masa. Duk likitar da muka shiga, ni ke buɗe ta in ce, "Ban da wannan."

Har ya bar duniya tana wuyansa, mutane na ta tambaya wane malami ne ya ba shi.