Amanar Hajiya Zuwaira da Na Ci

A unguwar Birni aka haife ni, cikin Damagaram, a gidan dukawa. Mahaifina takalma da jakunkuna yake ɗinkawa, ni kuwa tun ina lise, wato sakandare, salula ce ta ɗauke mini hankali. Da na faɗi jarrabawar bak ta kammala sakandare, sai na kafa tebur a bakin kasuwa ina gyaran salula da odinater, wato kwamfuta. Ban yi arziki ba, amma ban kwana da yunwa ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa na cuce shi.

Mahaifiyata tana da wata ƙawa, Hajiya Zuwaira, wadda ta goya ni ina jariri. Wake da riɗi take karɓa hannun manoman Droum a kan amana, ta tara a mangaza, 'yan kasuwar Kano su saya, sannan ta biya manoman. Kusan duk cinikinta ta salula yake tafiya. Da ɗanta ya aiko mata da odinater daga Yamai, ni ta kira in haɗa mata.

Ranar gaskiya na faɗa mata. Na ce ta sayi manhajar tsaro mai kyau, ta raba lambobin sirrinta, ta riƙa biyan wani amintacce yana duba mata kayan lokaci-lokaci. Ta tambayi kuɗin, na faɗa, ta yi dariya.

“Ɗana, ɓarayin na'ura banki suke nema. Wa zai kula mai sayar da wake? Sa mini ta kyauta.”

Na sa mata. Lambar sirrinta kuwa sunan autarta ne, shi ne a salula, shi ne a odinater, shi ne a asusun kuɗinta. Da bakinta ta faɗa mini.

Na daɗe ban taɓa komai ba. Wata rana katina ya ƙare, na shiga asusunta na tura wa kaina kaɗan, na ce gobe zan mayar. Ban mayar ba, ita ma ba ta lura ba. Rashin lurar nan ne ya lalata ni. Na fara karanta saƙonninta daga teburina, na san wanda ya yi odar kaya da ranar da zai biya. Na koyi yadda take gaisuwa a rubuce, har da addu'ar da take rufe saƙo da ita.

Da kaka ta yi, wani Alhaji Sabo na Kano, wanda suka yi shekara da shekaru suna hulɗa, ya ɗora mota guda ta wake. Kafin ya biya, na rubuta masa da sunanta cewa asusunta ya sami matsala, ya tura kuɗin ta wata lamba. Na goge saƙon daga wajenta. Bai kira ta ba, don ya saba da ita. Ya tura.

Abin da ya biyo baya ban taɓa hango shi ba. Alhaji ya ce ya biya, ya nuna saƙonta. Hajiya ta rantse ba ta ga ko dala ba. Manoman Droum suka zo ƙofar mangaza suna jira, wasunsu abincin shekararsu ke nan suka ba ta. Magana ta bazu a kasuwa cewa Hajiya ta ci kuɗin talakawa. Ta sayar da filinta da 'yan kunnenta ta biya wasu, hawan jini ya kwantar da ita. Har gida na je gaishe ta tare da mahaifiyata, ta riƙe hannuna tana cewa in duba mata odinater ko zan gano wanda ya yi mata haka. Na ce to, Inna, zan duba.

Ban tuba ba. Na sayi babur, na ga abin da sauƙi, na gwada wani mai kantin kayan gini da na taɓa gyara wa salula. Ashe shi duk wata yana biyan wani ƙwararre, kuma ba a shiga asusunsa sai da wata lamba da ke zuwa hannunsa kaɗai. Ina taɓawa gargaɗi ya isa gare shi. Ba a jima ba 'yan sanda suka tsaya gaban teburina. A komisariya, ofishinsu, aka buɗe salulata, maganar Hajiya ta fito.

Na yi shekaru a gidan kaso. Zafi da cunkoso na jure su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwan mahaifiyata na farko. Ta ajiye kwanon tuwo, ba ta zage ni ba, ta ce kawai ta daina bin layin gidan su Zuwaira.

Da aka sake ni, na je wajen Hajiya. Mangaza ta tafi, a zaure na same ta tana auna wake da tiya. Na durƙusa na nemi gafara. Ta dube ni ta ce:

“Na yafe maka saboda uwarka. Amma ka tafi Droum ka faɗa musu da bakinka ba ni na ci ba.”

Na tafi. Na tsaya gaban mai gari da manoma na faɗi komai. Wani tsoho ya tofar da yawu ya tashi.

Ku ƙannena masu ƙwarewa a na'ura, duk wanda ya miƙa muku salularsa, asirinsa ya miƙa muku. Kada ku ce ɗan kati ne, zan mayar gobe, don ni ma daga nan na soma. Ku kuma masu ƙananan sana'o'i, kuna sayen kwaɗo mai tsada ku rufe kanti, ku bar asusunku a buɗe. Mu irinku muke nema, don mun san banki na da masu gadi, ku ba ku da su. Ku kashe kuɗin tsaron nan, ku kira mutum ku ji muryarsa kafin ku tura masa kuɗi, kada ku ba kowa lambar sirrinku, ko da yaron da kuka goya ne.