Fuskar da ke ƙarƙashin fenti

Shekara talatin da ɗoriya ke nan da muka binne mijina, Salifu mai zane, a Dapaong, garin da ba namu ba. Har yau in hadari ya haɗu sai gabana ya faɗi.

A Zongon Sokode na san shi. Lokacin ina budurwa, kullum kaina na cikin littattafan soyayya da direbobi ke kawowa daga Kano, ina jiran saurayi mai mota. Sai Allah ya kawo mini mai fenti a farce. Yakan zaunar da mutum a benci ya yi ta kallonsa har kunya ta kama shi, sannan ya ɗauki burushi. Amma abincinmu daga fuska ɗaya yake fitowa, ta mai ƙasa, sojan da ke shugabancinmu, wadda yake zanawa a katako, dole kowane butik, wato kanti, ya rataya.

Da rikicin neman jam'iyyu ya taso, masu butik suka fara dawo da katakan a cikin buhu. Alhaji Isifu mai goro ne na farko.

"Malam Salifu, shafe wannan ka sa ni. Samari sun ce za su ƙona mini rumfa."

"Alhaji, hular sojan fa?"

"Mayar da ita rawani mana!"

Muka yi ta dariya. Ana cikin yajin aiki, fenti ba ya zuwa daga Lome, don haka shafin da ya yi wa katakan bai yi kauri ba. Da damina ta yi nisa suka sha danshi, sai idanun mai ƙasa suka fara leƙowa ta goshin Alhaji. A lokacin kuwa masu kaki sun dawo kan titi, suna bin butik-butik suna tambayar wanda ya binne fuskar shugaba.

Muka gudu Dapaong a bayan motar kaya. Can ya koma zana allunan masu aski, ba ya sa suna. Amma hannunsa ba ya ɓuya. Wata ranar kasuwa mutum biyu suka zo, wai maigidansu na son a zana shi. Ya wanke burushinsa ya bi su. A nannaɗe cikin likkafani aka dawo mana da shi, aka ce zazzaɓi ne.

Yanzu da kowa ke goge fuskarsa a waya ta yi sumul, nakan ce da yana nan me zai ce? Ina jin zai tambayi abin da aka rufe.

Abin da ya bar mini zanena ne, da fure a kunne kamar 'yan matan bangon littafi. Shi ma a kan irin katakon nan mai fuskar mai ƙasa ya yi shi. Ɗanmu ya ce a kai wa wani ya ƙara fenti, na ƙi, domin duk hannun da ya rufe waccan fuskar zai rufe aikin Salifu. Yana nan a ɗakina. Ina murmushi a sama, mai ƙasa kuma kowace damina yana ƙara matsowa ta kuncina na hagu.